Abin da Munka Jawo wa Sunan Malam Siddiƙu

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai, wanda ke bayarwa ya karɓe ba tare da ya shawarci kowa ba. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta da alayensa da sahabbansa.

Wakilan iyayenmu hakiman Wurno da Rabah da Goronyo, Allah shi ja zamaninku. Malamanmu limamai da kunka baro zaurukan karatu kunka zauna da mu, Allah shi gafarta maku. Shugaban makaranta da malaman da sunka yi aiki da marigayi. Hajiya Uwaliya, mahaifiyar da ta haifa muna shi, wadda ke sauraro daga bayan labulen can. Baba Alhaji Junaidu, yayansa kuma uban gida. Malama Ladidi, matar marigayi, Innarmu, da ɗiyanta. Iyayenmu manoma da kunka bar albasa tana jiran ruwa kunka taho. 'Yan'uwana ɗalibai. Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Sunana Mu'azu Mode, daga Boyekai. Da anka ce ni zan yi magana a wanga taro na cikar kwana arba'in da rasuwar Malam Siddiƙu Gidaɗo, na roƙi a sake shawara. Baba Junaidu ya ce, "Kai ka fi kowa zama da shi, kai za ka yi." Ya ɗauka kunya ce ta sa nake noƙewa. Ba kunya ba ce, Baba, kuma yau za ka ji dalili.

Ran sadakar bakwai, bayan mutane sun ragu, Innarmu ta aika anka kira ni bakin ƙofar tsakar gida. Ta miƙo mani wayar ɗiyarta Habi. Ashe Habi ta rubuta sunan mahaifinta cikin intanet tana neman hotonsa, sai ta ci karo da wani jan akwati bisa sunan, da rubutun Turanci a ciki. Ta karanta, ta fassara wa uwarta. Abin da rubutun ke cewa shi ne, an rufe wannan mutum domin ya yi amfani da sunaye masu yawa ya yaudari jama'a.

Innarmu ta ce, "Mu'azu, mi ke nan? Wa Malam ya yaudara?"

Na ce zancen yana da tsawo.

Ta ce, "To ana iya goge shi?"

Na ce za mu gwada. Yau kwana talatin da uku ke nan, Inna, kuma na zo da amsa. Sai dai ki yi mani haƙuri in fara gaya wa jama'a ko wane ne anka rubuta wa haka.

Saboda iyayenmu da ba su taɓa shiga ba, bari in yi bayani. Akwai wani babban kundin sani cikin intanet, inda ake rubuta bayanin garuruwa da mutane da tsirrai da duk abin da ka sani. Kowa na iya rubutu a ciki, daga ko'ina a duniya, kuma ba a biyan kowa. Sharaɗinsa guda ne mai tsauri: duk abin da ka rubuta sai ka nuna littafi ko jarida ko rahoton da anka buga shi a ciki. Wannan shi ake kira madogara. Akwai kuma masu kula da kundin, mutane ne irinmu da ke zaune garuruwansu, su ke goge abin da bai cika sharaɗi ba, su rufe wanda ya yi ha'inci, wato su hana shi sake rubutu a ciki. Malam Siddiƙu, malaminmu na labarin ƙasa, shi ya kawo muna wanga aiki gabashin Sakkwato, lokacin da mafi yawanmu ba mu taɓa ɗora yatsa bisa kwamfuta ba.

Ya kasance ba shi da Asabar. Wannan mako yana Wurno, mai zuwa yana Rabah, na uku yana Goronyo, bisa tsohon babur ɗinsa, da kwamfuta guda ɗaya naɗe cikin buhun taki don kada ruwa shi taɓa ta in ya ratsa fadama. Wayarsa ke ba mu intanet. Mu goma sha ɗaya ne munka jure, maza bakwai, mata huɗu, duk muna layi a bayan kwamfuta guda.

Ranar da na fara zuwa ya ce in nemo Boyekai cikin kundin. Na nema, layi biyu na tarar. Raina ya ɓaci. Ya ce, "To ƙara." Na zauna na rubuta da yatsa guda cewa albasar Boyekai ta fi ta ko'ina a duniya. Ya leƙo ta bisa kafaɗata ya karanta.

Ya ce, "Wa ya ce?"

Na ce, "Babana."

Ya ce, "Allah shi ƙara wa Mode lafiya. Wace jarida yake wa aiki?"

Ajin ya kwashe da dariya, ni kuwa na so ƙasa ta tsage. Har yau ina kan bakana game da albasar, amma tun ranar ban sake rubuta abin da ba ni iya nuna inda na samo shi ba.

Ya kasance ba ya taɓa rubutun ɗalibi. Yana tsaye bayanka, hannuwansa goye a baya, kana tafka kuskure yana gani, sai dai ya yi gyaran murya. In ka juyo ka ce, Malam gyara mani, sai ya ce, "Sunanka ne zai hau bisa shi, ba nawa ba." Wata rana Sale na Achida ya kwafo shafi guda daga wani littafi ya liƙa, yana jin ya gama aiki. Malam ya sa shi ya goge, ya rufe littafin, ya ba da labarin da bakinsa, sannan ya rubuta abin da ya faɗa. Har la'asar Sale na fama da layi shida.

Ya kasance yana bin iyaye gida gida kafin ya ɗauki ɗiya mace aji. Mahaifin Ruƙayyatu na Rara yana nan zaune, shi zai shaida. Sau uku Malam ya je, na ukun ya tafi da Innarmu bisa babur don a ga ba shi kaɗai ke da alhakin yaran ba.

Ya kasance in rikicin rabon ruwa ya tashi tsakanin manoman saman magudana da na ƙasa, shi ake aika wa. Ba shi da gona ko fangali guda a can. Ana kiransa ne don shi karanta jadawalin ranakun ruwa a gaban kowa, domin an san ba ya ƙara rana, ba ya ragewa, ko da mai gonar ɗan ɗakinsu ne. Iyayena manoma, ku kun san shekarar da ruwan dam ya ja baya har anka kusa zare wuƙaƙe a bakin ƙofar magudana. Kun san wanda ya tsaya cikin rana da takarda a hannu har kowa ya koma gonarsa. Wannan shi ne mutumin da anka rubuta wa mayaudari.

Yanzu ga yadda abin ya faru.

Kowa da ke rubutu a kundin sai ya zaɓi sunan da zai riƙa shiga da shi. Mu da munka tashi inda ɗalibi ke alfahari da a kira shi da sunan malaminsa, ba mu tsaya dogon tunani ba. Ni na zama Siddiƙu Boyekai. Sale ya zama Siddiƙu Achida. Ruƙayyatu ta zama Ta Siddiƙu Rara. Haka har mu goma sha ɗaya. Malam ya gani ya kama baki, ya ce mu sauya, kowa shi ɗauki sunan ubansa. Munka ce mun ji. Ba mu sauya ba. Ƙauna ce, kuma shi ma da ya ga abin ya zama wasa sai ya ƙyale mu.

Ruƙayyatu tana da kaka, Kaka Kulu, wadda anka haifa a wata tunga da ake kira Tungar Kyauta. Da anka gina dam anka tare ruwa, tungar na cikin wuraren da ya ci, mutanenta sunka warwatse, wasu Rara, wasu gaba. In bazara ta yi tsanani ruwa ya ja, ana hango bakin rijiyarsu da kututturen tsamiyar da suke zama ƙarƙashinta. Ruƙayyatu ta tashi da labarin tungar a kunnenta, ta ce ita kam sai ta rubuta shi, kuma a sashen Turanci na kundin, ba na Hausa ba, don duniya ta san an yi wurin. Ta rubuta yawan gidaje, da sunan wanda ya haƙa rijiyar, da yadda suke shanya kifi. Duk daga bakin Kaka Kulu. Madogarar da ta samu layi guda ce, sunan tungar cikin jerin wani tsohon rahoto. Malam ya gaya mata gaskiya cewa bai isa ba. Idanunta sunka cika. Sai ya ce, "Sa shi, mu gani."

Kwana tara shafin ya yi. Ran na goma wani daga wata ƙasa mai nisa ya nemi a goge shi don rashin madogara. Ƙa'idarsu ita ce a buɗe tattaunawa ta mako guda, duk mai hujja shi kawo. Malam ya rubuta jimla uku da Turancinsa mai kyau, yana roƙon a ba da lokaci a nemo ƙarin madogara. A makon ne anka kira shi Sakkwato duba takardun jarrabawa. Ya bar mani kwamfutar da wata 'yar na'urar intanet don kada ajin Asabar shi tsaya, domin ni ne shugaban aji. Yana ɗaure jaka bisa babur ya ce, "Mu'azu, kada kowa shi sa baki cikin tattaunawar ga. Ba ƙuri'a ba ce, hujja suke dubawa."

Na ji shi. Da kunnuwana biyu na ji shi, ba ni da uzurin cewa ban ji ba.

Ran Asabar a Goronyo na buɗe shafin, sai na ga mutum huɗu sun ce a goge, Malam shi kaɗai ya ce a bari. Jinina ya hau. Waɗanda sunka san ni sun san ba ni da wuyar hawa. Na ce wa 'yan aji, wato mu goma sha ɗaya muna zaune, baƙi huɗu da ba su taɓa shan ruwan gulbin Rima ba su taru bisa Malam? Sale ya ce, "To mi za mu rubuta? Turancinmu bai kai can ba." Na ce, wa ya fi Malam iya faɗi? Mu da munka saba tun muna ƙanana, malami shi karanta mu bi bakinsa, ba mu ƙara ba mu ragewa, yau ne za mu ƙirƙiro namu? Sai munka kwafe jimlolinsa uku, harafi da harafi. Wannan shi shiga da sunansa, shi liƙa, shi fita, wancan shi zauna. Kafin awa guda mun gama. Munka fita munka sayi rake muna sha, muna cewa yau Malam zai san yana da mutane.

Ku dubi abin daga can nesa, inda masu kula da kundin suke. Sunaye goma sha biyu, duk da Siddiƙu a ciki. Magana iri guda. Kwamfuta guda. Cikin awa guda. Wallahi ko ni ne zaune can, abin da zan ce ke nan: mutum ɗaya ne ya ƙirƙiri sunaye goma sha ɗaya don shi rinjayi magana. Ba ni da bakin zaginsu, na so in samu ban samu ba. Kafin Talata sun goge shafin Tungar Kyauta, sun rufe mu duka, sun ɗora jan akwatin nan bisa sunan Malam a matsayin uban ha'incin.

Asabar ta gaba ajin Wurno ne. Ya zo, ya jingine babur, ya karɓi kwamfutar ya zauna. Ya daɗe yana karatu. Ya cire tabarau ya goge da bakin riga ya mayar.

Ya ce, "Har kuskuren da na yi a layi na biyu kunka kwafe."

Ba wanda ya yi dariya.

Ya ce, "Wa ya ce ku yi?"

Ina zaune a gaba, ni da na ɗaga murya a Goronyo, na kafa ido ga yatsun ƙafata. 'Yan'uwana goma ba wanda ya nuna ni, Allah shi saka masu. Ni ma ban nuna kaina ba.

Malam ya dube mu ɗaya bayan ɗaya. Sannan ya ce, "To. Na koya maku madogara, ban zauna na koya maku wanga ba. Na ga sunayenku tun farko na yi dariya." Ya jawo kwamfutar ya rubuta wa masu kula, domin wanda anka rufe ana bar masa kafa guda ta yin bayani. Ya ce waɗanga sunaye ɗalibansa ne, yara ne masu koyo, laifin nasa ne, a buɗe su a bar shi a rufe. Can sunka ɗauki kalmar "laifin nawa ne" a matsayin ya amsa. Bayan wata huɗu da dogon kai da komo sunka buɗe mu, bisa sharaɗin kowa shi sauya suna. Nasa kuwa ya zauna yadda yake.

Ya kasance, shekara uku cur bayan wannan, bai fasa Asabar ko guda ba. Yana ɗauko kwamfutar cikin buhunta, ya ajiye muna, ya ja kujera gefe ya zauna da hannuwa bisa gwiwa. Mun rubuta shafuka sun fi ɗari biyu a gabansa, kan shinkafar Wurno, kan tafarnuwa, kan tsuntsayen da ke sauka bakin dam, shi ko waƙafi ba shi da ikon sawa. Sababbin ɗalibai sunka zo, ba su ma san dalili ba, sun ɗauka halinsa ne kawai.

Wata rana Sale ya ce, "Malam, ka buɗe wani sabo da sunan Gidaɗo mana. Wa zai sani?"

Ya ce, "Ni zan sani. Sun ce na yi ha'inci ban yi ba. In na yi wanga, na gaskata su."

Ni kuwa abin yana cina. Bara waccan, lokacin ban ruwan albasa, ya biyo ta gonarmu zai wuce Goronyo, ya tsaya mu gaisa. Ina cikin taɓo har gwiwa, injin ban ruwa na ruri. Na ce, Malam, akwai maganar da nake son faɗi tun tuni. Ni na tara su. Ni na ce a kwafe.

Ya ce, "Na sani tun ranar. Kai kaɗai ba ka dube ni ba. Buɗe fangalin can, ruwa na wucewa."

Na buɗe fangalin. Na ce ya ba ni izini in rubuta masu gaskiya. Ya ce, "Za su rufe ka, kuma duk ajin ba wanda ya kai ka naci. Bari tukuna. Ina tattara labarin Tunga daga bakin tsofaffi, in an buga shi cikin mujalla mun samu madogara. Ran nan sai in kai masu duka biyu, shafin Ruƙayyatu da sunana."

Jama'a, ga abin da ya fi ci mani rai. Da ya ce in bari, na ji daɗi. Ban yi gardama ko sau ɗaya ba. Na ce to Malam, na koma ga albasata da zuciya sakayau.

Ya cika alkawarinsa na tattarawa. Ya bi tsofaffin Tungar Kyauta duk inda sunka warwatsu, ya ɗauki muryoyinsu, ya auna bakin rijiyar da bazara, ya rubuta, ya aika wa wata mujalla ta jami'a. Sunka ce ya yi kyau, shi jira layi. Ina tare da shi ranar da ya koma wurin Kaka Kulu a Rara. Ruƙayyatu ta riga ta gaya mata an goge shafin. Tsohuwar ta ce, "Malam, ruwa ya ci garinmu, mun ce ikon Allah. Su kuma waɗanga mi munka yi masu?" Ya ce mata za a mayar, ta ƙara haƙuri. Ta rasu daminar da ta wuce. Mujallar har yau ba ta fito ba. Shi kuma da anka fara dashen albasar bana zazzaɓi ya kwantar da shi, kwana tara, anka kai shi Sakkwato, anka dawo muna da shi a kwance.

Inna, yanzu na zo ga kwana talatin da uku ɗin.

Washegarin da kika tambaye ni, na roƙi Baba Junaidu ya ba ni kwamfutar Malam. Ni da Sale munka buɗe ta a zauren gidanku da hantsi. Sai munka tarar sunansa na shiga yana nan a ajiye, ba ka buƙatar komi, dannawa guda ce ka zama shi. A ƙa'idar kundin, mai suna ne kaɗai ke iya roƙon a buɗe shi. Can ba su san ya rasu ba. Shekara uku sun wuce ba tare da ya sake laifi ba, irin wannan roƙo sau da yawa ana karɓa. Sale ya ce, "Ka san yadda yake rubutu, Mu'azu. Layi biyar ne. Ka yi don Habi."

Na ɗora yatsana. Na daɗe a haka. Na san Turancinsa, na san inda yake sa waƙafi, na taɓa kwafe shi ai. Sai na ga abin da zan yi shi ne ainihin abin da anka rubuta cikin jan akwatin, wani ya shiga da sunan da ba nasa ba ya yi magana da bakin da ba nasa ba. Shekara uku yana zaune da hannuwa bisa gwiwa don kada wannan shi zama gaskiya. Na rufe kwamfutar na mayar da ita cikin buhunta.

Sannan na shiga da sunana na rubuta masu komi. Na ce ya rasu. Na ce ni na tara yaran, ya hana ni ban hanu ba, shi yana Sakkwato bai sani ba. Sau uku na rubuta. Wanda ya amsa mani mutum ne mai ladabi, ya yi muna ta'aziyya. Ya ce mai suna ne kaɗai ke iya neman a sake duba hukunci, kuma maganar da ya rubuta da hannunsa cewa laifin nasa ne tana nan. Ya ce shaidata shaidar wanda abin ya shafa ce. Ya ce abin da suke iya yi shi ne su ƙara layi guda cewa mai wannan suna ya rasu, in mun kawo madogara, wato jaridar da ta buga rasuwar. Jan akwatin kuwa yana nan ko an ƙara layin.

Na shiga mota na tafi Sakkwato, na je ofishin wata jarida. Sunka saurare ni, sunka ce Allah shi jiƙansa, amma malamin sakandare da zazzaɓi ya ɗauka ba labari ba ne. Mun yi masa wanka, mun sallace shi, na sa hannuna cikin ƙasar kabarinsa, amma ba ni da madogarar cewa ya mutu. Wanga jawabi ma an ce za a buga a rarraba, to ko shi ba za su karɓa ba, domin mu munka rubuta. Ni kuma sun rufe ni makon jiya bisa abin da na amsa, kuma daidai ne, tun shekara uku da sunka wuce ya kamata a ce sun yi.

Don haka ga amsarki, Inna. Ban iya ba. Hanya guda ce ta rage, na ganta a buɗe, na rufe ta da hannuna, kuma da na gaya masu ya rasu na toshe ta har abada. Ban san ko na kyauta maki ba. Habi za ta girma, ɗiyanta za su rubuta sunan kakansu, abin da za su fara gani ke nan. Na juya abin ta kowace fuska, na tambayi waɗanda sunka fi ni sanin kundin, ba ni da sauran dabara. Hajiya, ɗan da kika haifa bai yaudari kowa ba. Baba Junaidu, ka ji dalilin noƙewata. Ba ni da fuskar da zan ce ku yafe mani yau, sai ranar da kunka ga kuna iyawa.

Abu guda ya rage da ke hannunmu, kuma ƙarami ne. An rubuta cewa mu goma sha ɗaya babu mu, Malam ne ya ƙirƙiro mu. 'Yan'uwana, ku tashi tsaye. Sale, tashi. Ruƙayyatu, ke da 'yan'uwanki mata ku tashi daga nan inda kuke. Yusha'u, na gan ka can baya, tashi. Dukanku. Hajiya, a ɗaga maki labulen kaɗan ki ƙirga. Goma, da ni sha ɗaya. Ɗiyan manoman albasa ne da masunta da 'yan tireda, kowa da ubansa zaune a ɗakin ga. Mutane ne mu, Inna. Shi ya koya muna, mu munka ɓata.

Ku zauna.

Muna godiya ga iyayenmu wakilan hakimai, da malamanmu limamai, da hukumar makaranta da ta ba mu wuri. Muna godiya ga waɗanda sunka taso daga Rara da Achida da Boyekai tun da safe, da matan da sunka yi ɗawainiyar abinci. Muna godiya ga gidan Gidaɗo da sunka ara muna shi kowace Asabar, sunka haƙura da rashinsa a gida. Ajin yana nan, mako mai zuwa Rabah ne, Ruƙayyatu za ta riƙe shi. Ni zan kawo kwamfutar in zauna gefe.

Ya Allah, Kai ka san abin da ya faru a ɗakin nan na Goronyo, ka san wanda ya yi magana da wanda ba ya nan. Ba ka buƙatar a kawo maka jarida. Ga bayinka cike da ɗaki, talakawa, suna shaidar bawanka Siddiƙu ɗan Gidaɗo da gaskiya da riƙon amana, ka karɓi shaidarmu. Ka gafarta masa, ka yalwata kabarinsa, ka haskaka shi. Ka jiƙan Kaka Kulu da mutanen Tungar Kyauta, na ƙarƙashin ruwa da na tudu. Ka sanyaya zuciyar Hajiya, ka dafa wa Innarmu, ka raya Habi da ƙannenta bisa halin ubansu. Ranar da za a miƙa wa kowa littafinsa, ya Allah, ka miƙa masa nasa a hannun dama, fari tas, abin da munka jawo masa kuma ka neme shi a nawa.

Amin. A yi muna Fatiha.